Haya da Fatar Baki: Yadda Muka Gaji Zama Ba Takarda a Gwarzo da Kabo

 

Wannan karon ni aka ɗora wa nauyi, kuma na zaɓi in yi magana a kan abin da kusan kowannenmu ya taɓa sa shi a labari, amma ƙalilan ne suka tsaya suka binciki asalinsa, wato gidan haya. Muna yawan rubuta yadda mai gida ya watso kayan jarumi waje, ko yadda matan gidan haya suke faɗa a kan layin banɗaki. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: me ya sa mutum zai ɗauki kuɗin shekara guda ya miƙa wa wani, ya shigar da matarsa da 'ya'yansa, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba? Zan duba wannan tambaya ta fuskar tarihi, daga yankin da na fi sani, wato Gwarzo da Kabo.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Lokacin da nake karatun difloma, ni da wani abokina mun kama shago a ƙofar gidan wani dattijo a garin Gwarzo. Kafin in baro gida mahaifina ya ja mini kunne cewa in tabbatar na karɓo rasit. Ranar da muka kai kuɗin shekara mun tarar da dattijon shi kaɗai a zaure bayan la'asar. Ya ƙirga, ya sa a aljihu. Na yi ta maza na ce, "Baba, ko za a ɗan rubuta mana wata 'yar takarda?"

Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba. Ya ce, "Ɗana, ka zo gidana kana neman takarda? Ni na ce ka kawo mini takardar ubanka? Ungo mukulli, Allah Ya ba da sa'ar karatu."

Kunya ta rufe ni, na karɓa na yi godiya. Bayan wata bakwai Allah Ya yi masa rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Zan dawo kan abin da ya biyo baya, amma sai mun fara gano inda amsarsa ta samo asali, domin ba shi ya ƙirƙire ta ba. Gadonta ya yi.

KAFIN ZUWAN HAYA

A ƙauyukanmu na da, gida ba haja ba ne. Mutum yana tashi a gidan ubansa, idan ya isa aure a yanka masa sashe, a taru a yi gayya a kwaɓa ƙasa, a ɗora azara ko a yi jinka. Wanda ya zo daga wani gari da niyyar zama, wajen mai gari yake zuwa. Idan an yarda da halinsa sai a nuna masa fili ya gina, a nuna masa daji ya sare. Idan akwai kangon da masu shi suka yi ƙaura, a ba shi aro ya gyara ya zauna. Abin da ake nema daga gare shi shi ne zaman lafiya, biyan haraji da fitowa aikin gayya.

Wanda kuma ya zo wucewa, baƙo ne, kuma baƙo masauki ake ba shi. Fatake suna sauka a zango. Malami da almajiransa suna sauka a zaure ko a tsangaya. Ɗan ci-rani yana raɓewa a soron wani har damina ta kawo kai. A manyan kasuwanni akwai fatoma, mutumin da yake saukar da baƙin 'yan kasuwa, ya ciyar da su, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Ba kuɗin ɗaki yake karɓa ba, la'adar ciniki ce ribarsa.

Wannan tsari Hausawa sun tafi da shi duk inda fatauci ya kai su. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya nuna yadda masu gidajen Sabo suke saukar da fataken shanu daga Arewa, a sayar wa mahauta shanun bashi, dukiya mai yawa tana juyawa ba tare da takardar yarjejeniya ba. Abin da yake riƙe da cinikin shi ne sunan mai gida. Ranar da aka same shi da cin amana, ranar baƙi za su daina sauka a wajensa, kuma labarin zai riga shi isa Kano.

Ko kalmomin ma suna ba da shaida. Kalmar "haya" daga Ingilishi muka aro ta. Kakanninmu suna da aro, da jingina, da riƙo, da kuma sufuri, wanda a da yake nufin ba da gona ko dabba a yi amfani da ita a biya, kafin ma'anarsa ta tattare a kan jigilar kaya da mutane. Galibin waɗannan kalmomi a kan gona suke yawo. Ɗakin kwana bai cika shiga lissafin kuɗi ba.

Saboda haka lokacin da kuɗi ya shigo tsakanin mai ɗaki da mai kwana a ciki, sai ya tarar da tsohuwar alaƙa a zaune: wannan mai masauki, wancan baƙonsa. Har yau "mai gida" muke cewa, kalmar da muke kiran uba da miji da ubangidan sana'a da ita. Kuma baƙo ba ya tambayar mai masaukinsa rasit.

ABIN DA MALAMAI SUKA SANI TUNTUNI

Kada wani ya ɗauka cewa kafin Turawa ba mu san dokar haya ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa wadda alƙalai suke ji da ita, duk suna da babin ijara. A wajen malamai, haya sayar da amfanin abu ce zuwa wani lokaci. Tana ƙulluwa da yardar ɓangarori biyu, da sharaɗin a san kuɗin, a san abin da aka bayar.

Sun raba hayar gida kashi biyu, kuma wannan rabo yana da amfani ga duk mai rubuta labarin da ya shafi kotun Musulunci. Akwai wadda suke kira wajiba, wato an yanke wa'adi, kamar a ce shekara ɗaya daga wata kaza. Wannan ta zama dole a kan kowa, ba mai warware ta shi kaɗai. Akwai kuma mushahara, wato a ce kowane wata kaza, ba a faɗi ranar ƙarewa ba. Wannan kowa yana iya janyewa, sai dai gwargwadon lokacin da aka riga aka biya kuɗinsa, shi kam ya tabbata. Haka nan a mazhabar Malikiyya, mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta rushe hayar da aka ƙulla. Magada suna gadar gidan ne tare da alƙawarin da ke kansa.

To ina matsayin rubutu? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin abin so da shiryarwa, ba sharaɗin ingancin ciniki ba. A gaban alƙali kuwa, ginshiƙin hujja shi ne shaidu adalai. Wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Takarda tana taimakawa, amma bakin shaidu ne yake tsayar da ita.

A garin da kowa ya san kowa, wannan ya wadatar. Ana ƙulla magana a ƙofar masallaci ko a zauren mai unguwa, gaban mutanen da za a binne su a maƙabarta ɗaya. Kuma rubutun bai ɓace ba inda ake ganin ya zama dole. Majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, tana da kundin da ake rubuta hukunce-hukunce da Larabci, ciki har da rigingimun gonaki da gidaje. Wani masani, Allan Christelow, ya fassara wasu daga cikin na 1913 da 1914 ya buga su a 1994. Wato alƙalami yana nan, sai dai a hannun hukuma da malamai yake, kuma an fi ɗauko shi bayan rigima ta tashi.

TAKARDAR DA TA ZO DA TURAWA

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Bayan 'yan shekaru, wajen 1907 zuwa 1908, suka sake fasalin mulkin karkara, suka sa hakimai su bar birni su koma zama a gundumominsu. Gwarzo tana cikin garuruwan da suka zama mazaunin hakimi. Hakimi kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai malaman haraji, da dogarai, da alƙali da muhutinsa, daga baya malamin asibiti da malamin makaranta. Waɗannan su ne rukunin farko na ma'aikata masu albashi da suka zauna a garuruwan da ba nasu ba. Amma su ma ba haya suka kama ba. Ko dai En'e ta gina musu, ko mai gari ya ba su masauki.

A 1910 aka kafa dokar da ta mayar da ƙasar Arewa gaba ɗaya ƙarƙashin ikon gwamna, talaka yana da haƙƙin zama da nomawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A can ne aka fara gina gidaje masu ɗakuna a jere da niyyar a ba da su haya wata-wata. Fage da Tudun Wada da Gwagwarwa suka bi sahu. Haya a matsayin sana'a a wajen ganuwa ta girma, a tsakanin mutanen da ba su san iyayen juna ba. Wannan ma ya sa aka daɗe ana yi wa zaman haya kallon zaman marar asali, har ya zama abin da ake bincike a kai idan mutum ya je neman aure.

Ga wani abu da nake ganin ya kamata mu lura da shi. Ta wace fuska takardar boko ta fara shiga gidan talakan ƙauye? Ta shiga a matsayin rasit ɗin haraji, wanda idan ba ka da shi za ka kwana a hannu. Ta shiga a matsayin takardar jangali, da sammacin alƙali. An shafe shekaru fiye da saba'in a haka, har sai da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano bayan hawansa mulki a 1979. Dattijon da ya ba ni mukulli ya yi ƙuruciyarsa a wancan zamani. A kunnensa, takarda abu ce da hukuma take nema a wajen wanda ba ta yarda da shi ba. Da na ce ya rubuta mini, abin da ya ji shi ne ina tuhumarsa.

YADDA HAYA TA ISO GARURUWANMU

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Shekaru goma da suka biyo baya su ne suka kawo haya garuruwa irin su Gwarzo da Kabo. A 1973 aka fara turo masu yi wa ƙasa hidima. A 1976 aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi, sakatariyoyi suka cika da ma'aikata. A wannan shekarar dai aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka buɗe makarantu a ƙauyuka, aka watsa malamai. Ga 'yan sanda, ga ma'aikatan jinya, ga malaman gona. Gidajen gwamnati ba su isa ba, masauki kuma ba ya ɗaukar mutumin da zai shekara biyar da iyalinsa. Sai masu hali suka fara ware sashe, ko su fasa ƙofar shago ta waje.

A birane kuwa, ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya sa farashin komai ya tashi, har da kuɗin haya. Gwamnatin soja ta mayar da martani da dokokin ƙayyade haya da kotunan sauraron rikicinta a jihohi. Waɗannan dokoki domin birni aka yi su, kuma can ɗin ma masu gidaje sun san hanyar zagaye su. A garuruwanmu, zauren mai unguwa ya ci gaba da zama kotun farko.

Sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba birni ba. Duk da haka gidaje da yawa a yankinmu ba su da wata shaida da ta wuce takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu. A nan akwai abin lura. Mutanenmu suna rubutawa idan za a sayar da gida ko gona. Ba wanda yake jin kunyar neman takarda a ranar ciniki, domin ciniki rabuwa ce. Haya ce kawai aka bari a baki, saboda har yanzu zama tare ake ɗaukarta.

Amma garuruwan sun canza. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo kuma sama da 150,000. Hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Rimin Gado ta wuce Gwarzo zuwa Dayi a Jihar Katsina tana kawo baƙi kullum. Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana Gwarzo, ɗalibai suna zuwa daga nesa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo. Duk inda babbar makaranta ta sauka, ɗaki yana zama kuɗi. Yanzu akwai dillalai a tsakani, akwai masu gidajen da suke zaune a Kano ko Abuja ba su taɓa ganin fuskar ɗan hayarsu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, tsadar siminti da kwano ta ba kowane mai gida dalilin ƙara kuɗi. Tsohon tsari ya dogara ne a kan sanayya da jin kunyar idon jama'a. Sanayyar ta ragu, rashin rubutun ya zauna.

ME DOKA TA CE?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda ba shi da takarda ba shi da haƙƙi. Ba haka ba ne. Dokar da muka gada daga Ingila, wadda asalinta ya koma ga wata doka ta 1677, ta yarda cewa hayar da ba ta wuce shekara uku ba tana ƙulluwa da baki. Idan ka biya, aka karɓa, aka ba ka mukulli, kai ɗan haya ne a idon doka.

Dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya, waɗanda suka faro tun 1945, sun tanadi wa'adin da za a bayar idan ba a yi wata yarjejeniya a kai ba. Ƙa'idar da aka sani ita ce: mai biya mako-mako a ba shi mako guda, mai biya wata-wata a ba shi wata guda, mai biya duk wata uku a ba shi wata uku, mai biya shekara-shekara a ba shi wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi notis na kwana bakwai cewa za a kai maganar kotu. Kotu ce kaɗai take da ikon fitar da shi. Cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma mai gida yana iya biyan diyya a kansu. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawatar wa gwamnatin sojan Legas kanta saboda ta tura jami'ai ɗauke da makamai sun fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Idan gwamnati ba ta da wannan iko, mai gidan haya ba shi da shi.

Jihar Legas ta ƙara gaba a dokarta ta haya ta 2011, inda ta fayyace cewa yarjejeniya ta baki yarjejeniya ce, ta kuma wajabta wa mai gida ba da rasit. A nan Kano, tun daga 2000 kotunan shari'ar Musulunci suka maye gurbin kotunan yanki, kuma Hukumar Hisba tana yin sulhu a rigingimu irin waɗannan.

Matsalar dai ɗaya ce a kowace kotu: hujja. Doka ta yarda da maganar baki, amma wa ya ji ta? Nawa aka ce? Daga wane wata? Shekara-shekara ne ko wata-wata? Wa zai yi yaɓe, wa zai kwashe masai, wa zai biya kuɗin wuta? Idan ɗan haya ya sa siminti a ɗaki, za a cire masa a kuɗin haya? Kowace daga cikin tambayoyin nan ta taɓa raba mutanen da suka fara da "ai mun zama ɗaya".

LITTAFIN BABA

Mu koma gidan dattijo. Bayan sadakar arba'in magada suka zauna rabon gado, gidan ya faɗa a kason wani ɗansa da yake zaune a wani gari. Ya tara mu ya ce shi bai san da maganar kowa ba. Duk wanda ya ce ya biya ya kawo shaida, in babu ya sake biya ko ya ba shi ɗakinsa. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, domin shi ma ba a bar masa komai a hannu ba. Mu kuma jarrabawa saura mako uku, kuɗin da iyayenmu suka sayar da hatsi suka haɗa ya riga ya tafi.

Maganar ta je zauren mai unguwa. Ana cikin ja-in-ja sai uwargidan marigayin ta aiko da wani ƙaramin littafi irin na 'yan firamare da ta samu a cikin gafakarsa. Liman ya buɗe. Ashe duk wanda ya ba shi kuɗi, bayan ya tafi sai ya rubuta da ajami: suna, da adadi, da watan da aka biya. Sunana yana ciki, da na abokina. Mutumin da ya ƙi rubuta mini takarda, ya rubuta wa kansa, saboda tsoron kada ya mutu da haƙƙin wani.

Sai dai rubutun ya tsaya wata huɗu kafin rasuwarsa, lokacin da ciwo ya kwantar da shi. A cikin waɗannan watanni ne wani malamin firamare da ke zaune a sashen ciki da iyalinsa ya ce ya sabunta hayarsa, ya miƙa kuɗin hannu da hannu a bakin gadon jinya, ba kowa a wurin. Ni na yarda da shi, domin na san halinsa. Amma yardata ba shaida ba ce. Aka ce ko ya kai kotu, shi ne mai da'awar biya, shi za a nema wa shaidu. Ya ce ba zai tsaya gaban alƙali da 'ya'yan mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa ba. Ya nemi alfarmar wata biyu, ya kwashe kayansa a farkon damina, matarsa tana goyon jariri.

Ba wanda ya yi niyyar zalunci a wannan labari. Amanar tana nan, sai dai a ƙirjin mutum ɗaya aka ajiye ta, kuma an binne shi da ita.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A matsayinmu na 'yan haya, gyaran ba shi da wuya. Ba sai an je wajen lauya ba kafin a samu abin riƙewa, ko da yake idan gida babba ne ko kuɗin da yawa, zuwa wajensa ya fi. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa, boko ko ajami: sunayen mutum biyu, wane ɗaki ne a wane gida, nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai yi wane gyara, wa'adin nawa za a bayar kafin tashi ko ƙarin kuɗi, sai sa hannun shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Idan mai gida ya ƙi, a biya ta banki a rubuta dalilin biyan, ko a tura masa saƙon waya ana ambaton adadin da watannin, a adana amsarsa. Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan a kotu. In duk ba su samu ba, kada a miƙa kuɗi sai gaban mutum biyu.

Yadda ake neman takardar ma yana da muhimmanci. Da na san abin da na sani yanzu, da ba rasit zan ce ba. Da cewa zan yi, "Baba, saboda halin rai, a rubuta don kada a bar magada cikin ruɗu." Na tabbata da ya ɗauko alƙalami, tunda ga shi abin da yake yi ke nan a ɓoye.

A matsayinmu na marubuta kuma, ina roƙon mu rage zana mai gidan haya a matsayin azzalumi mai ƙaton ciki kawai. Akwai irinsa, amma akwai gwauruwar da kuɗin ɗakuna biyu ne abincin marayunta, akwai magajin da ya gaji gida da rigimarsa, akwai ɗan hayar da ya shekara biyu bai biya ba yana fakewa da "ai mun zama 'yan uwa". Idan labarinka ya faru a Getso a 1950, jaruminka masauki zai nema, ba haya ba. Idan a Sabon Gari ne a wannan shekarar, haya zai kama. Idan ka sa mai gida ya watso kaya waje, ka sani ya karya doka, kuma makarancinka ya cancanci ya san haka. Ga kuma wani aiki da yake jiranmu: dattawan da suka ga zuwan malaman 1976 suna nan da ransu a Garo da Godiya da Kutama da Lakwaya. Mu je mu tambaye su wa ya fara karɓar kuɗin ɗaki a garinsu, nawa ya karɓa, kuma me mutane suka ce a kansa. Idan ba mu rubuta ba, wannan tarihin ma a baki zai tsaya har a binne masu shi.

Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuma ina jiran gyaran malamaina na wannan zaure, musamman masana fiƙihu da lauyoyin cikinmu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa mana asiri da muhallin kanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.